Ranar Auren Ajimi a Cikin Kwamfuta

Ban taɓa ganin mutumin da ya san kuɗin ashanar da zai ƙyasta a watan gobe ba sai Ajimi. Taubashina ne, ɗan yayan mahaifiyata, don haka ina da ikon in faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma na faɗa har bakin ya gaji. Sunana Mu'mina, ina haɗa turaren wuta da humra a gidan mijina a Yerwa, wato Maiduguri. Shi kuwa yana unguwar Lamisula, a gidan da iyayensa suka rasu suka bar masa: ɗaki uku, zaure, da bishiyar dogon yaro guda a tsakar gida.

Dogo ne siriri, mai tsabta har ta yi yawa, ba ya ɗaga murya, ba ya cin haƙƙin kowa. In ka ba shi ajiyar allura, bayan shekara zai dawo maka da ita a nannaɗe cikin takarda. Tun da ya gama difloma yake tsaron shagon fenti na wani ɗan kasuwa Ibo mai suna Fidelis. Da gari ya rikice, aka shiga kwana da ƙarar bindiga ana tashi da ita, Fidelis ya kwashe iyalinsa ya koma gida kudu. Bai rufe shagon ba. Ya bar wa Ajimi makulli da albashi da wata tsohuwar kwamfutar hannu wadda salatif ya riƙe murfinta, ya ce duk wata ya riƙa aika masa lissafin abin da aka sayar. Fidelis mutumin kirki ne, Allah ya saka masa, amma da ya tafi da kwamfutar nan da ya fi mana.

A cikinta akwai abin da suke kira Eksel. Fili ne fari, an ja masa layuka a tsaye da a kwance, ya zama ƙananan akwatuna kamar gidajen dara. Ka sa lamba a wannan akwati, ka sa a wancan, na ƙasa ya haɗa su da kansa. Ka canza guda, duk sauran su motsa. Don gwangwanayen fenti Fidelis ya koya masa, kuma da ya tsaya a kan fenti da ba ni da abin rubutawa. Sai ya buɗe wani shafi na daban, ya zuba rayuwarsa a ciki.

Na gani da idona. Gero, shinkafa, gawayi, sabulu, kuɗin keke napep, katin waya, mai moya da ke turo masa ruwa a kura, har sadakar Juma'a tana da layinta. A gefe guda kuma ya jera abin da aure yake ci: sadaki, lefe, gado, goro da alewa, abincin biki. Abin da ya rage a albashi yana gangarawa can ƙasa, zuwa wani akwati na hannun dama, shi kuma wannan akwatin yana faɗin watan da kuɗin za su cika. Ajimi ya koya wa akwatin ya zauna ja muddin ba su cika ba, ranar da suka cika ya koma kore. Yadda yake ji da wannan dabara, ka ce shi ya ƙera jirgin sama.

Wadda ake wa duk wannan lissafi ita ce Kaltum, ɗiyar Malam Inuwa mai wankin hula a unguwar Abbaganaram. Malamar firamare ce, gajera, mai kaifin ido, ba ta iya kewaye-kewaye a magana. A wurina take sayen humra, ta nan muka saba. Ajimi yana zuwa zance wurinta duk unguwa ta sani, yaran layin har sun daina tsokanarsa don sun gaji. Amma bai tura kowa ba.

To a wurinmu, ko shekara goma ka yi kana sintiri a ƙofar gidan mutane, in manyanka ba su taka ƙafa sun je da goro da alewa ba, ba ka nemi kowa ba. Manya ne ke fara zuwa, a ba su, a sa rana, sannan kuɗi su biyo bayan ranar. Wannan ya kawo buhun shinkafa, waccan ta kawo turmin atamfa, maƙwabci ya ce itace nasa ne. Haka aka aurar da ni, haka aka aurar da uwar da ta haifi Ajimi. Shi sai ya kifa abin: kuɗi tukuna, sannan rana, manya su zo a ƙarshe kamar 'yan kallo.

"Ajimi, ka tura manya."

"Sai akwatin ya yi kore."

"Akwatin ne zai aure ta?"

"Mu'mina, ke turare kika sani. Ba na fara abin da ban ga ƙarshensa ba. Kuma ba zan tsaya ƙofar kowa ina jiran gudummawa ba."

Na san inda abin ya samo asali. Tun rasuwar mahaifinsa ba abin da ya tsana irin a dube shi a ce Allah sarki, maraya. Yana so a ce shi kaɗai ya yi, ba wanda ya ɗora masa ko tsinke. Na fahimce shi, amma fahimtar ba ta hana ni jin kamar in shaƙe shi ba.

Ranar da ke cikin akwatin kuwa ba ta da wurin zama. In dokar hana fita ta sa an rufe kasuwa da wuri, ta matsa gaba. In masu keke suka ƙara kuɗi, ta matsa. In aka yi sati ba wanda ya sayi fenti, don wa ke shafa wa gida fenti yana shirin gudu, Fidelis ya ce a yi haƙuri da rabin albashi, ta yi tsalle. Sau ɗaya na ga ta dawo baya. Shekarar da aka kashe layukan waya a Borno, mutane suna kuka ba su san halin 'yan uwansu ba, na je shagon na tarar da shi yana murmushi. Layin katin waya ya koma sifili, aure ya matso da wata guda. Na ce masa, "Ka yi watanni ba ka ji muryar yarinyar nan a waya ba, kai kuma murna kake yi?" Ya ce ai duk don ita ne.

A haka, da tsumulmula da cin burabisko ba nama, ya ja abin har ya kusa. Damina tana tsaka a shekarar dubu biyu da sha huɗu akwatin ya ce bayan Babbar Sallah. Ajimi ya shafa wa babban ɗakin gidan fenti shuɗi mai haske, ya ce mini da kansa zai je Bama ya sanar da Kawu.

Kawu Babakura shi ne ƙanin mahaifin Ajimi, kuma wan mahaifiyata. Shi ne uban da ya rage mana. A Bama fataken wake da barkono ne, mai gida cike da mutane, kuma mai baki. Har waɗanda ba danginsa ba suna zuwa aronsa ya je musu neman aure, don in ya zauna gaban uban yarinya ya gyara babbar riga ya fara magana, ba a iya ce masa a'a. Ajimi bai samu zuwa Baman ba. Kafin Sallah garin ya faɗi hannun 'yan bindiga, Kawu ne ya zo masa.

Ba zan manta ranar ba. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, rigar jikinsa ita ke nan, bayansa matarsa da surukansa mata da jikoki, kowa ya yi furu-furu. Babban ɗansa Abdulwahab ba ya cikinsu, a daji suka rabu, ba wanda ya san inda ya yi. Ajimi ya buɗe ɗakunan nan uku har da shuɗin, ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure. Dole in ba shi haƙƙinsa: ko sau ɗaya bai ɓata fuska a gabansu ba. Shi ke sayo hatsi, shi ke kai yara asibiti, shi ya fito da kayan mahaifinsa daga akwati ya ba Kawu. Jallabiyoyi ne tsofaffi, don manyan rigunan tun wajen rabon gado aka bayar da su.

A shago ne yake fashewa. Ya ƙara wani akwati a saman shafin ya rubuta "mutanen gida", ya goge ɗaya ya sa sha uku. Ina tsaye a kansa lokacin. Ranar aure ta bar bayan Sallah, ta tsallake shekara, ta tsallake wata, ta je ta tsaya can inda ni ko lissafin shekarun Kaltum ban so in yi ba. Ya zuba wa abin ido, ya rufe murfin a hankali kamar ana rufe wa mara lafiya ƙofa.

Sha ukun ma ba ta tsaya ba. Kawu ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, duk mutumin Bama da ya gifta sai ya kira shi. "Lale, lale! Shigo, gidan ɗana ne." Wannan ya ci rana, wancan ya kwana, wata ta zo da goyo ta yi sati kafin ta gano 'yan uwanta a sansanin 'yan gudun hijira. Kawu bai taɓa ƙirga bakin da ke ci a gidansa ba, ba kuma zai fara a gidan ɗan wansa ba. A wurinsa ƙirga masu cin abinci rashin kunya ne.

"Mu'mina," in ji Ajimi, yana dafe da kai, "ba a yin lissafi da lambar da ke tafiya da ƙafarta. Jiya sha biyar, yau sha tara. Wa zan sa, wa zan cire?"

"Ka rufe abin nan ka huta."

"In na rufe shi gero zai daina ƙarewa?"

Nan ya fi ni gaskiya, kuma ba zan ce Eksel ɗin bai yi rana ba. Da shi ya gano sayen buhu ya fi awo sauƙi, da shi ya san ranar da gawayi zai ƙare tun kafin matan su sani. Mutum kusan ashirin suka ci suka sha a kan albashin mai tsaron shagon fenti, ba wanda ya kwana da yunwa. Amma sai ya zarce. Ya mai da yara rabin mutum, jarirai rubu'i. Ya buɗe shafin "in sun koma bayan wata uku", ya buɗe na "in sun koma bayan shekara", ya buɗe na "in kifin Baga ya sauko". Ba wanda ya koma, kifi bai sauko ba, kowane shafi da nasa jan akwatin. In wuta ta ɗauke, wadda dama ɗaukewar ta fi zuwan yawa, ya ɗauki kwamfutar ya kai wa mai caji ya biya, ya dawo ya rubuta kuɗin cajin a cikinta.

Na ce masa yanzu ai Allah ya kawo masa Kawu har gida, ba sai ya je Bama ba. Ya faɗa masa kawai.

Ya dube ni kamar na zage shi. "Mutumin da aka ƙone wa gida, bai san ko ɗansa na raye ba, shi zan tsuguna gabansa in ce aure nake so? Da wane bakin? In kuma an ba ni, a ina zan sa ta, a zaure?" Ya haɗa ni da Allah da Annabi kada in kai maganar gidan. Ni kuma dama 'ya mace ba ta tarar kawunta da zancen aure, sai dai ta bi ta wurin matarsa, matar kuwa tana zaune a ɗaki da carbi, duk sallamar da aka yi sai ta miƙe ta ga ko Abdulwahab ne.

Abin da ya fi ci mini rai, a daidai lokacin aure ake ta ɗaurawa ko'ina. A sansanoni ana yi, a layinmu ana yi. Mikail, ɗan maƙwabcinsu mai jan keken haya, wanda ko katifar kirki ba shi da ita, an ɗaura masa da ɗan sadaki da faranti biyu na dabino. Ajimi ya je ɗaurin auren, ya dawo yana girgiza kai, wai yaron nan bai yi lissafi ba. Matar Mikail ta samu ciki Ajimi yana nan yana lissafi.

Farkon shekarar da ta biyo baya aka kawo wa Maiduguri kanta hari. Tun da safe muke jin manyan bindigogi daga bakin gari, yara sun shige ƙarƙashin gado, maza sun tsaya ƙofar gida ba su san abin da suke jira ba. An kori maharan, amma zukata sun riga sun tashi. Masu dangi a wani gari suka fara ɗaure kaya.

Kwana kaɗan bayan haka Kaltum ta zo gidana. Ba ta tambayi humra ba. Ta zauna bakin gado ta ce Malam Inuwa ya yanke shawara, Kano za su koma wurin ƙaninsa, ƙarshen mako mai zuwa. Ya ce in yaron nan da gaske yake, ya turo manyansa, a ɗaura da abin da ya sawwaƙa, ta zauna a ɗakinta, sauran kaya su biyo baya in gari ya lafa. In bai turo ba, ba zai bar 'yarsa a garin da ake harbi tana jiran wanda bai taɓa aiko ko da goro ɗaya ba.

"Ke me kike so?" na tambaye ta.

"Ya Mu'mina, da ba na so, da zan zo nan?"

Na yafa lafayata muka tari keke sai shago. Ajimi ya miƙe da rawar jiki, ya goge mata kujera, ya aika a sayo lemo. Ta faɗa masa abin da ta faɗa mini, kalma da kalma. Na ce a raina yau dai magana ta ƙare, mutum ko dutse ne zai ce to. Sai na ga hannunsa ya nufi murfin kwamfutar.

Ya juyo da ita gabanta. Wallahi da kyakkyawar niyya ya yi, so yake ta ga bai yi wasa ba, ta ga shekarun da ya yi yana tara mata. Ya nuna mata layin lefe, akwati nawa, lafaya nawa, ya nuna mata gado da katifa, ya nuna mata mutanen gida, ya gangara da yatsa har kan jan akwatin.

Kaltum ta karanta tsaf, malama ce. Ta ce, "Ya Ajimi, wa ya ce maka ina son akwati shida?"

"Ba na so a raina ki a cikin ƙawayenki."

"Ƙawayena rabinsu suna Kano, rabi suna sansani. Goge."

Ya goge, ranar ta matso. Ta sa ya goge abincin biki, ta ƙara matsowa. Ta sa ya goge gado, ta ce tana da katifa. Ranar ta zo kusa har ana hango ta, amma akwatin yana nan ja. Ajimi ya ce saura maganar ɗaki, in aka yanka zaure biyu da bulo, bari ya sa kuɗin bulo ya gani. Ranar ta sake guduwa.

"Baba bai ce ka cika ba," in ji Kaltum. "Ya ce ka turo."

"Na ji. Ki ba ni kwana biyu in sake dubawa."

Ta dube shi, ta dubi kwamfutar. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta gyara lafayarta ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta fita. Lemon yana nan ba ta buɗe ba.

Abin da na faɗa masa bayan fitarta ba na rubutawa ba ne. Masu shagon kusa har leƙowa suka yi. Ya rantse mini zai yi wa Kawu magana da kansa a ranar. Washegari ya ce Kawu ya tashi da zazzaɓi. Wanshekare ya ce an yi baƙi. Ranar Laraba na je shagon na same shi ya buɗe sabon shafi, ya sa masa suna "ƙaramin biki", yana gwada ko za a iya raba buhun siminti biyu. Na juya na tari keke na ce Lamisula.

Na sami matar Kawu a ɗaki, na durƙusa na faɗa mata komai. Ta ajiye carbin, ta ce, "Yau kuma?" Ban gane abin da take nufi ba a lokacin. Ta tashi ta fita wurin mijinta. Da Ajimi ya dawo daga kasuwa, Kawu bai yi masa dogon zance ba. Ya ce a sayo goro da alewa, a gaya wa limamin unguwa zai raka shi, gobe da hantsi za su je Abbaganaram. Ya sa aka wanke babbar rigar da ya zo da ita daga Bama, aka zuba garwashi a dutsen guga, ya zauna yana kallo jikarsa tana goge ta, yana nuna mata inda za ta bi a hankali saboda ɗinkin da aka yi wa yagar.

Lokacin dokar hana fita ta kusa, ba halin aika ɗan saƙo. Na kira wayar Kaltum, a kashe. Ajimi ya kira, a kashe. Na ce ba komai, sai Asabar za su tafi, da safe ni zan riga kowa zuwa in sanar da matan gidan su shirya.

Ni na riga kowa zuwa, ni na fara ganin kwaɗon da aka garƙame gidan su Kaltum da shi. Gumakan katako da Malam Inuwa ke kifa huluna a kai suna jere a ƙofar gida, ba hula ko ɗaya. Wata maƙwabciya ta ce ai tun bayan asuba suka fita. An yi ta raɗe-raɗin za a rufe hanyar Damaturu, ita kaɗai ce ta rage, direban ya ce duk mai tafiya ya fito yau ko ya nemi wata motar.

Ina tsaye kekensu ya iso. Kawu ya sauko, liman ya sauko da ƙullin goro. Ajimi, wanda ya kamata ya tsaya can bakin layi bayan ya nuna gida, ya hango fuskata ya taho. Ba wanda ya tambaye ni komai, kwaɗon ya isa.

Kawu ya ce a ba shi lambar Malam Inuwa. Maƙwabciyar tana da ita. Aka kira da wayarta, ta shiga. A tsaye a tsakiyar layi, yara sun kewaye mu, Kawu ya gyara rigarsa ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya faɗi ko shi wane ne a wurin Ajimi. Ya nemi afuwar zuwa a makare, ya ce laifin na manya ne ba na yaro ba. Sannan ya nemi auren, da irin kalmomin da na sha jin labari ban taɓa ji da kunnena ba. Ni dai hawaye nake, liman ya sunkuyar da kai.

Muryar Malam Inuwa tana fitowa tare da ƙugin mota. Ya gode, ya girmama Kawu ƙwarai. Ya ce, "Alhaji, shekara uku ina jiran in ji irin wannan muryar a zaurena. Da ka zo jiya, da na ba ka. Amma daren jiya da kaina na tambayi yarinyar ko in ƙara masa lokaci, ta ce in rufe maganar. Ba zan buɗe abin da ita ta rufe ba. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Kawu ya ce amin. Ya miƙa wa maƙwabciyar wayar da goron, ya ce ta raba wa mutanen layi, ba a komawa da shi gida. Sannan ya juya wurin Ajimi. Bai ɗaga murya ba.

"Ajimi, satin da na iso na ji labarin yarinyar nan a bakin maƙwabtanka. Na san sunanta, na san na ubanta, har na tambayi asalinsu na ji mutanen kirki ne. Kullum in ka dawo kasuwa ka tsuguna gaishe ni, sai in ce yau zai faɗa. Ka tashi ka wuce. Na ce wa uwarku, bar shi, kada ki tambaye shi. Yaron nan ya dube ni, ya ga abin da na zama. Ya ga mai ci a hannunsa ba zai iya zama gaban surukai ya nema masa aure ba. Yana jira ya samu wani babban da ya fi ni kyan gani."

Ajimi ya durƙushe a wurin, cikin ƙasar layi, da farar rigarsa. "Baba, wallahi ba haka ba ne. Wallahi kunyarka nake ji. Na ga abin da ya same ka, na ce ba zan ɗora maka..."

"Gidana ya tafi, shagona ya tafi, ɗana ban san inda yake ba," in ji Kawu. "Abu ɗaya ya rage da nake iya yi wa mutum, shi ne wannan. Wata biyar ina ƙofar gidanka da shi."

Ajimi ya kasa ɗago kai. Ni kuma duk fushin da na tara masa na shekaru na neme shi na rasa. Kawu ya dafa shi.

"Tashi, mutane suna kallo."

Ya tashi. Liman ya fita bakin titi neman keke, muka bi shi a baya.